Dashe ba wuya, reno ne aikin: kira daga samarin ƙauye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Malam Edita dan Allah ina roƙon ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina a rai, in wasiƙar tayi tsawo ayi haƙuri dani, magana ce ta taru.

Ni ɗan wani ƙaramin gari ne a ƙasar Haɗeja ta jihar Jigawa, irin garuruwan nan na bakin kogi da in damina tayi nisa, da safe bayan ina kwana tambayar da ke biyo baya ita ce ruwa ya ƙaru ko ya ja. Ni ne sakataren ƙungiyar samarin garinmu. Asalinta ma ba ƙungiyar komai bace illa kulob ɗin ƙwallo, muna karo-karo mu sayi jesi da ƙwallo, mu je wasa maƙwabtan garuruwa mu dawo, shikenan. Dattawa da yawa kallon zauna gari banza suke mana a lokacin, har akwai wanda ya hana ɗansa shiga cikinmu.

Ambaliyar 2022 ce ta canza komai. Duk wanda ke Jigawa a shekarar ya san abinda aka gani, daga Ringim har Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da Kirikasamma da Guri, gonakin shinkafa sun nutse, gidajen ƙasa sun rufta, mutane sun koma kwana a makarantu da bakin titi. Daren da ruwa ya fara cin jingar garinmu, kyaftin ɗin kulob ɗinmu ne ya bi gida gida yana buga ƙofa, kafin kace kwabo samari sun fito da shebur da fartanya da duk buhun da hannu ya kai gareshi, har buhunan taki da na siminti da mata suka zazzage suka miƙo mana ta kan katanga. Muka kwana muna ɗura ƙasa a buhu muna jerawa da hasken tocila da fitilar waya, ruwa iya cinya, sauro kamar ya ɗauke mutum, wasu na kuka suna aiki saboda gonarsu ta riga ta tafi amma gidan iyayensu na bayan jingar nan. Allah cikin ikonSa gonaki dai sun tafi amma cikin gari ya tsira. Da gari ya waye dagaci da kansa yazo ya tsaya a kan jingar ya sa mana albarka, kuma dattijon nan da ya hana ɗansa shiga cikinmu shi ya aiko mana da kunu da ƙosai.

Toh daga nan ne muka zauna muka ce tunda mun ga abinda hannu da yawa ke iya yi, kar mu bari sai ruwa yazo sannan mu tashi. Kuma ba wani sabon abu muka ƙirƙiro ba Malam Edita, aikin gayya ne da muka gada, iyayenmu da shi suke noma gonar marar lafiya, da shi suke yaɓen masallaci da gyaran hanya da haƙar rijiya, kawai dai ya yi sanyi ne a 'yan shekarun nan da komai ya koma sai an biya. Muka tsayar da Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, kamar yadda ake tsaftar muhalli a birane tun zamanin Buhari da Idiagbon, sai dai mu ba duba gari ba ɗan sanda ba tara, mai unguwa ne kawai ke sa a yi shela daren Juma'a. Kafin faɗuwar damina mu yashe lambatu da kwalbatin bakin kasuwa, mu ƙara wa jinga ƙasa, mu nome maƙabarta mu toshe ramuka, mu kwashe jujin da ke kusa da rijiya da famfon tuƙa-tuƙa. Ledar fiya wata da baƙar leda kuwa ba'a magana, ita ke toshe magudanar ruwa, ruwan ya kwanta sauro ya hayayyafa, ga zazzaɓi ga amai da gudawa, ga awaki da tumaki suna ci. Duk mahauci zai gaya maka irin dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbin dabba, dabbar tana ci bata ƙiba har ta mutu mai ita bai san dalili ba.

Aikin da yafi kowanne wahala shi ne kachalla. Wanda bai san yankinmu ba zai ɗauka ciyawa ce kawai, wallahi bala'i ce. Manya sun ce da can kogin nan in rani yayi janyewa yake, ƙasa ta bushe, amma tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ke gudana kusan duk shekara, kachalla kuwa abinda take so kenan, ruwa marar zurfi da baya ƙafewa. Sai ta cika hanyar ruwa, yashi da laka su taru a gindinta, hanya ta toshe, ruwa ya rasa inda zai bi sai gonakin mutane da gidajensu, wasu garuruwan na can ƙasa kuma su rasa ruwan gaba ɗaya. Ga tsuntsayen jan baki da ke kwana a cikinta, su fito da safe kamar hadari su sauka a kan shinkafa da gero da dawa. Masunta ma kwale-kwalensu baya wucewa. Mukan shiga da lauje da adda mu yanke ta ta ƙarƙashin ruwa, don in aka yanke a sama ba a jima ta sake tofowa, in kuwa ruwa ya rufe kan kututturen sai ta ruɓe. A cikin ruwan nan akwai matsattsaku akwai macizai akwai tsargiya, yaranmu nawa suka dawo suna fitsarin jini, kuma ba takalmin roba ba safar hannu, da silifas ake shiga ko ƙafa ba komai. Mu ba mu ce hannu zai iya abinda injin yanke kachalla ke yi ba, amma ƙananan hanyoyin ruwa da ke shiga fadamunmu inji baya kaiwa can, mu ne dai.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta sa na ɗauki waya nake rubutun nan, wato dashen bishiya. Wata shekara wasu baƙi suka zo daga birni da mota cike da irin dashe, darbejiya da turare da mangwaro, aka kafa rumfa aka yi jawabai aka ɗauki hotuna, muka yi murna ƙwarai muka dasa su a harabar firamare da gefen hanya. Amma a ƙarshen damina ne suka zo, cikin Satumba, ruwa saura kaɗan ya ɗauke. Ba shinge, ba wanda aka ɗora wa alhakin ban ruwa, baƙin sun tafi ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ana girbi aka saki dabbobi, awaki suka bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda akuya ta bari gara ta ci, wanda gara ta bari iskar hunturu da zafin bazara suka ƙarasa. Kafin wata damina 'yan ƙalilan ne suka rage da rai. Ranar da muka zaga muna ƙirgawa raina ya ɓaci sosai, don guminmu ne da kuɗin wani bawan Allah suka tafi a banza, kuma laifin ba na baƙin kaɗai bane, har da mu da muka ɗauka in an tura saiwa a rami an gama.

Wani kawuna da ke fatauci tsakanin Maigatari da Damagaram shi ya buɗe mana ido. Yace ku yaran nan kuna ta wahala da leda da jarka alhali bishiyar na nan a gonakinku kuna sassabe ta kuna cinna mata wuta duk bazara. Ya bamu labarin abinda manoman Nijar ke kira sassabin zamani, wanda ya faro a yankin Maraɗi cikin shekarun 1980, lokacin da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da ke fitowa a gonaki ba ciyawa bace, tohon kututturen manyan bishiyoyi ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abinda ake yi kawai, lokacin sharar gona maimakon a sare duka a ƙone, sai a zaɓi toho biyu ko uku mafiya ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa yi musu aski duk shekara. Ba sayen iri, ba ban ruwa, don saiwar ta riga ta yi nisa. Da wannan dabarar manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, bishiyoyi wajen miliyan 200, kuma talakawa ne suka yi da addarsu a gonakinsu. Waɗannan fa 'yan uwanmu ne, harshe ɗaya abinci ɗaya, ƙasarsu ma tafi tamu ƙarancin ruwan sama. A can ranar 3 ga Agusta ta samun 'yancin kai ita ce kuma ranar dashen bishiya.

Muka gwada a gonakin tudu na 'yan ƙungiya tukuna, don manomi baya yarda da magana sai ya gani da idonsa. Kalgo da sabara da aduwa da magarya da gawo, duk wanda muka samu da toho muka ɗaura masa tsumma ja don kar mai sassabe ya sare. Wasu dattawan sun ce inuwa zata kashe gero, tsuntsu zai samu wurin sauka, muka ce Baba a bari a gani. Gawo dai kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar shuka ta sha rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, kuma duk manomi ya san geron gindin gawo yafi na sauran gona kyau. Yanzu a cikin 'yan shekarun nan wasu sun fi tsayin mutum, rassan da ake datsewa kuma mata na samun na girki. Wannan ba ƙaramin abu bane, don iyayenmu mata su ke shan wahalar rashin itace, kara suke ƙonawa da kashin shanu, abinda ya kamata ya koma gona ya zama taki.

Dashen ma bamu daina ba, salo muka canza. Ledar fiya watan da muke tsincewa ita muke yanke wa baki mu huda gindi mu cika da ƙasa da taki mu shuka iri, ƙwallon darbejiya da tsamiya da kuka da zogale, a bayan gidan ma'ajinmu inda akwai rijiya. Muna dasawa da zarar ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don ta samu damina guda cur kafin rani. Kowace bishiya da mai ita, sunan gida ake rubutawa a littafi, kuma ba'a dasawa sai an tanadi ƙaya ko tsohon kwando ko bulo an kewaye. Wadda ke ƙofar masallaci a inda ruwan alwala ke gangarawa muke sa ta, wadda ke ƙofar gida ruwan wanke-wanke ya isheta, na makaranta kuma malamai suka raba wa 'yan aji, kowane yaro yazo da gorar ruwa da safe. 'Yan matan Islamiyya su suka fi kowa riƙon amana a nan, gaskiya sai dai mu ce Allah ya saka musu, tasu bata mutuwa. Bamu dasa da yawa kamar da, amma abinda muka dasa mafi yawansa na tsayawa. Limaminmu ma ya taimaka da ya yi huɗuba a kan hadisin nan da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga ciki, sadaka ce gareshi, ranar mutane da yawa suka zo neman iri.

Kar in ɓoye matsalolinmu. Babbar ita ce ci-rani, daidai lokacin da bishiya ke buƙatar ruwa, daga Janairu zuwa Mayu, lokacin ne rabin samarin gari ke Kano da Abuja da Legas da Fatakwal suna neman na kansu, kuma ba wanda zai ga laifinsu, ba za ka ce wa mai iyali ya zauna gadin darbejiya ba. Sai aikin ya koma kan 'yan kaɗan da yara da mata. Ta biyu siyasa, da zaɓe ya matso sai a fara zawarcin ƙungiya, wannan ya kawo kuɗi wancan ya kawo jesi mai hotonsa, mun ga ƙungiyoyin maƙwabta da suka dare gida biyu a kan haka har yau basa ga maciji. Mu dai muka rubuta a dokarmu cewa kowa yayi jam'iyyarsa a waje, wanda zai taimaka ya kawo baro ko shebur a gaban kowa, kuma ma'aji na karanta lissafi duk wata ko naira ɗari ce ta shigo. Ta uku gawayi, tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa tayi tsada, gas da kananzir suka fi ƙarfin mutane, sai ka ga motoci na fita da buhunan gawayi zuwa birni, bishiyar da ta shekara hamsin a kwantar da ita cikin yini ɗaya. Mai sarar nan shima yunwa ce ta koro shi, wa'azi kaɗai ba zai hana shi ba sai an sama masa abin yi.

Akwai kuma maganar makiyaya, da farko mun samu saɓani don suna sassake rassan gawo su ba shanu da rani, har an kusa kai ruwa rana. Dagaci ya haɗa mu da Arɗo aka zauna, suka ce su ma burtalinsu an cinye shi da noma, ina za su bi. Aka yi yarjejeniya a datsi reshe amma kar a taɓa kan bishiya ko ƙaramar da ke tasowa, mu kuma muka yi magana da masu gonakin da suka shiga burtali. Yau akwai samarin Fulani a cikin ƙungiyarmu, kuma sun fi mu sanin itatuwan daji nesa ba kusa ba.

Malam Edita, muna ji a rediyo ana maganar babbar katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, daga Senegal har Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000, kuma Najeriya ta kafa mata hukuma a 2015, jihohi 11 ne a ciki har da tamu Jigawa da Yobe da Borno da Katsina da Sakkwato. Muna kuma jin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wato na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Alhamdulillahi abu ne mai kyau. Kirana ga duk masu irin waɗannan shirye-shirye, na gwamnati ne ko masu zaman kansu, shi ne su nemi ƙungiyoyin samarin da ke ƙauyuka su yi aiki da su, don kusan ba garin da za ka shiga a Arewa baka samu kulob ɗin ƙwallo ko ƙungiyar taimakon kai da kai ba, su ne ke nan bayan an naɗe rumfa. A kawo iri da wuri a farkon damina. A riƙa dawowa bayan shekara a ƙirga wadda ta rayu, a kan wannan za'a yaba wa gari ko a ba shi kyauta, ba a kan yawan ramin da aka haƙa ba. In da hali a ɗan riƙa ba samari biyu ko uku wani abin hasafi a watannin rani su zauna su kula da ban ruwa, kuɗin da ake kashewa a rumfa da kujeru da lasifika na yini ɗaya zai iya riƙe su wata da watanni. Ƙananan hukumomi kuma abinda muke nema bai taka kara ya karya ba, baro, shebur, manjagara, buhunan jinga kafin ruwa yazo ba bayan ya ci gari ba, takalman roba, da maganin tsargiya ga masu shiga kachalla. Malaman gona da malaman daji su fito su koya wa mutane sassabin zamani, in ta kama a ɗauki manoma a kai su Maraɗi su gani, tafiyar ba nisa.

Sarakunanmu da hakimai da dagatai, Allah ya ƙara muku lafiya, da can ba mai sare tsamiya ko kuka ko ɗorawa ba da izini ba, maganarku har gobe tana da nauyi, a dawo da wannan tsarin. 'Yan asalin ƙauye da Allah ya ɗaukaka suke birni, in kun zo sallah ku tambayi samarin garinku me suke buƙata, baro ɗaya na iya shekara biyar yana aiki. Abinda ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle ya isa ya sa duk mai zama kusa da ruwa ya shafa wa gemunsa ruwa.

Ku kuma 'yan jarida, dan Allah ku riƙa leƙo mu ba sai an yi ambaliya ko rikici ba. Nasan akwai samari irinmu a Yobe da Katsina da Zamfara da Bauchi da can Nijar da ke irin wannan aiki ba wanda ya san da su, in da za ku ware ɗan shafi ko sau ɗaya a wata ku riƙa kawo labarinsu da mun koyi dabarun juna, mu misali har yanzu gara na bamu wahala a kan mangwaro, toka muke zubawa amma bata isa, ƙila wani a wani gari yana da maganin da yafi namu. Asabar ɗin ƙarshen watan nan in Allah ya kaimu zamu fita yashe kwalbatin bakin kasuwa da ƙarin ƙasa a jinga, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, in wakilinku na Haɗeja zai samu zuwa muna maraba da shi, za mu zaga da shi gonakin ya ga gawon da idonsa.

Nagode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
Sakataren wata ƙungiyar samari,
daga ƙasar Haɗeja, jihar Jigawa.